Ɗanyen Kifin Osaka

Tun da muka dawo daga Japan ban huta da tambaya ba. In na je gidan biki sai a ja ni gefe: "Rakiya, wai da gaske ne da tsinke suke cin shinkafa?" In na shiga Kasuwar Sabon Gari cefane, mai tumatir ma sai ta ce in ba ta labarin ƙasar masu ƙera rediyo. Kowa abin dariya yake son ji. Ni kuma in yi yaƙe, in ce ƙasa ce mai tsabta, in wuce. To na gaji da yaƙen. Zan faɗa sau ɗaya tun daga tushe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta nan.

Maigidana, Alhaji Garba, dilan atamfa ne a nan Fagge. Kun dai ga yadda kasuwa ta buɗe tun da kuɗin mai ya shigo: matar masinja ma ba ta yarda ta maimaita zane a biki biyu. Wani kamfani a birnin Osaka da ke buga masa atamfa ya aiko yana gayyatarsa, ya je ya zaɓi zanen da za a buga da sunansa. Shi kuwa Alhaji ya san ciniki, amma bai san idon mata ba. Zubin da ya zaɓa da kansa a baya haka ya yi ta kwana a shago. Ni ce nake sayarwa a cikin gida, ni nake jin abin da mata ke cewa in sun warware turmi. Shi ya sa ya ce da ni za a tafi.

Lokacin ina da ciki wata biyar. Tun bayan 'yata Hadiza, wadda har ta shiga firamare, ban sake samu ba, sai wannan karon. Saboda haka kafin in amsa sai da na je wurin Sista Ngozi, unguwarzoma ce mai ɗan asibitin haihuwa a Sabon Gari, ita ta karɓi Hadiza. Ta auna ni, ta saurari cikin, ta ce, "Hajiya, jirgi ba ya taɓa ciki. Ki riƙa tashi kina miƙe ƙafa, ki sha ruwa sosai. Ki gaida min mutanen can." Muka yi dariya muka rabu. Daga ni har ita ba wadda ta kawo maganar abinci, don a saninmu duk duniya dafawa ake yi kafin a ci.

Wahala ta fara ne tun daga Legas, inda muka je neman biza. Cunkoson mota ya sa muka yini a hanya ɗaya, zafi da warin mai suka yi ta tayar min da zuciya. Da muka samu muka dawo Kano, aka duba katin allura, muka hau jirgi. Ban iya lissafa saukar da muka yi ba: Alƙahira, Karachi, Bankok, da wani gari kuma da na manta sunansa. Ko'ina a sauke mu, mu zauna a ɗaki mai sanyi, a sake kwashe mu. Rana ta rikice min. In duba agogon Alhaji ya ce tsakar dare, in leƙa taga in ga gari na wayewa. Sallolin nan dai Allah Ya karɓa yadda muka yi su. Abincin jirgi kuwa duk wanda aka ajiye, Alhaji zai sunkuya ya shinshina, ya tambayi ma'aikaciyar ko da alade, ta amsa da murmushin da ba a gane e ko a'a. Sai mu ture, in buɗe jaka in yago mana kilishi.

Guzuri na yi na gaske: kilishi, dambun nama, yaji, har da garin kunu. A filin jirgin Tokyo wani jami'in kwastan mai farin safar hannu ya buɗe jakar. Ya ɗaga kilishin sama kamar wanda ya tsinci fatar wata dabba, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta shawara. Daga nan ya rusuna min har sau biyu, ya kwashe kilishin da dambun gaba ɗaya, wai ba a shiga musu ƙasa da nama. Yajin ya buɗe ya kai hanci, ya yi atishawa har hularsa ta karkace, ya mayar min da sauri. Ban taɓa ganin mutumin da zai raba ka da abincinka yana rusuna maka ba sai ranar. Na ce wa Alhaji ya roƙe shi, ya gaya masa juna biyu gare ni. Alhaji ya ce, "Bar shi, kada mu fara da rigima a ƙasar mutane."

Daga Tokyo jirgin ƙasa muka shiga, mai dogon hanci, wanda ba ya girgiza ko kaɗan. Na tuna namu na zuwa Legas da ake shiga da tabarma da tukunya don ba a san ranar isa ba. Wannan kuwa kafin in gama gyara zama an ce mun yi nisa. Ba mai magana a ciki. Wata yarinya ƙarama ta taso ta shafa min hannu, ta duba tafinta ko baƙin ya goge, uwarta ta fizge ta tana ta rusunawa. Ban ji haushi ba. Mu ma haka yaranmu ke bin Bature a Fagge.

A tashar Osaka wakilin kamfanin ya tarbe mu, wani gajeren mutum mai tabarau, Mista Okabe. Shi ne mai kula da kasuwar ƙasashenmu, kuma shi kaɗai ne mai Turanci a cikinsu. Ni Turancina bai wuce gaisuwa ba. Don haka duk maganar da za ta zo gare ni sai ta bi ta bakin maza biyu: a faɗa da Japananci, Okabe ya juya ta Turanci, Alhaji ya juya min Hausa. Tawa ma haka take komawa.

Masaukin da aka ba mu irin nasu ne na gargajiya, wai don a girmama mu. Wasu abubuwan sun yi min kamar gida. Ana cire takalmi a ƙofa, ana zama a ƙasa kan wata tabarma mai laushi, da dare a shimfiɗa katifa a naɗe ta da safe. Banɗakin ma na tsugunno ne. Sai dai ba buta. Na yi ta kwatance da hannu har wata dattijuwa mai aikin gidan ta kawo min butar shayi, da ita na yi ta alwala har muka taho. Wanka kuma wai mata duka kwarmin ruwa ɗaya suke shiga tsirara. Na leƙa sau ɗaya na juyo da baya, na koma wanka da bokiti a lungu, suna kallona kamar ni ce marar kunya.

Yunwa ita ta fi ci min rai. Da safe a kawo shinkafa fara ba mai ba gishiri, da wani romo mai warin daddawa, da ganyen ruwa baƙi kamar takarda. Nama ba mu san wanda ya yanka ba, kuma alade yana shiga musu miya yadda manja ke shiga tamu. Sai na koma barbaɗa yaji a kan shinkafa, in dama kunu da ruwan shayi. Mai ciki kuwa kun san yadda take. Yaron yana motsi, ni ina jin jiri.

A masana'antar dai na yi abin da ya kai ni. Suka baje min zane-zane a kan dogon tebur, na yi ta turewa. Na ce wannan shuɗin ya yi sanyi, matan Kano ba sa son abin da zai ɓace a cikin taro. Na ce a ƙara girman fure, a ƙarfafa jan. Masu zanen suna rubutawa suna gyaɗa kai. Ranar na ji ni mutum ce. Okabe ya ce manyan kamfanin sun ji daɗi, za su yi mana liyafa kafin a sa hannu a yarjejeniya.

Aka kai mu wani gidan abinci da yamma, muka zauna a ƙasa, manyan kamfanin a jere cikin baƙaƙen kwat. Okabe ya zo da matarsa don in sami abokiyar zama. Siririya ce mai sanyin fuska, ta girme ni kaɗan. Ba mu da yare ɗaya, amma ta gyara min matashi a baya ba tare da na roƙa ba, na san ta lura da cikin.

Sai aka shigo da wani faffaɗan katako. An jera 'yan dunƙulen shinkafa kamar ƙananan ƙosai, kowanne an ɗora masa yanka ɗaya, wani ja, wani fari, wani ruwan goro, suna sheƙi. Suka ce sunansa sushi. Na ɗauka kayan ado ne kafin abinci ya iso. Na tambayi Alhaji mene ne a kai.

Ya ce, "Kifi ne."

"To ina wutar da za a gasa shi?"

"Haka suke ci."

"Ɗanye?"

"Rage murya. An ce don mu aka yi, saboda sun san ba ma cin namansu. Kifi ai halal ne, ba ya bukatar yanka. Kuma shi ne abincinsu mafi daraja."

Na ce, "Alhaji, ni ba zan iya ba. Ka ci, ni a ba ni shinkafar kawai."

Babbansu, wani tsoho mai furfura, ya nuna katakon da hannu biyu, yana jira baƙuwa ta fara. Duk ido ya dawo kaina. A nan ne matar Okabe ta taɓa hannun mijinta, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, doguwar magana, tana duban cikina tana duban kifin. Okabe ya ɗan yi dariya, ya juya ya faɗa wa Alhaji wani abu da Turanci. Alhaji ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in ya gane ciniki.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce yana da kyau ga mai ciki. Matan nan duk shi suke ci, shi ya sa 'ya'yansu ke da ƙwaƙwalwa."

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce. Rakiya, don Allah kada ki kunyata ni. Mutanen nan in ka ƙi abincinsu kamar ka ƙi su ne."

Na duba matar. Ta sunkuyar da kai, don a wurinsu ma mace ba ta ja da miji a gaban manyansa. Na ɗauka kunya ce. Na yi bisimilla, na sa hannu, tsinken ya gagare ni, na ɗauki ɗaya na kai baki. Sanyi gare shi, da santsi, ga wani koren abu a ƙarƙashi da ya hau min hanci kamar an hura barkono. Hawaye ya zubo, suka yi ta tafi suna dariya. Tsohon ya sake nuna min wani. Na ci. Gaskiya kuma yunwa nake ji, bayan na uku ma na daina jin ƙyama. Na ci har na ƙoshi, ƙoshin farko tun da na bar Kano. Aka sa hannu washegari.

Cikina ya ɗan murɗa, na yi ta zirga-zirgar banɗaki yini guda, sai ya lafa. Alhaji ma haka, ya ce sauyin ruwa ne. Ana gobe za mu taho, yana can ofis, sai ga matar Okabe ta zo masaukin ita kaɗai da 'yar tukunya a naɗe cikin ƙyalle. Kunun shinkafa ne mai zafi. Ta zauna tana kallona ina sha. Da na gama, ta ɗauki fensir ta zana kifi a bayan wata takarda. Ta nuna kifin, ta nuna cikina, ta gicciya hannayenta biyu a ƙirji tana girgiza kai. Ta sake zana wuta a ƙarƙashin kifin, ta gyaɗa kai, ta yi murmushi. Sannan ta nuna bakinta, ta nuna wajen da gidan abincin yake, ta sake gicciya hannu. Ba na bukatar mai fassara. Abin da ta faɗa ran nan ke nan: kada a ba ni ɗanye, a gasa min.

Gabana ya faɗi. Amma yaron yana motsi, ni ma na warware, sai na ce Allah Ya tsare, na bar maganar a cikina. Na cire abin hannuna na azurfa na sa mata. Ta yi ta rusunawa har ta fita.

Dawowa ba abin faɗa, gajiya ce kawai. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, aka raba tsaraba, rediyo da agoguna da laima mai naɗewa. Alhaji yana zaure yana ba maza labarin yadda matarsa ta ci ɗanyen kifi a gaban manyan Japan ba ta ko yamutsa fuska ba, ana ta shewa.

Mun kwana biyu da dawowa sai zazzaɓi ya rufe ni, da ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Kowa ya ce na sauro ne. Na sha magani na kwanta. Ya sauka, ya sake tashi. Wata safiya na farka na ji shiru a cikina. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu, na danna da hannu. Shiru. Na ɗauki mayafi na tari tasi zuwa Sabon Gari, ban ko jira Alhaji ba.

Sista Ngozi ta daɗe tana saurare da ƙahonta na awon ciki, tana sauya wuri. Da ta ɗago sai ta riƙe min hannu. Ita ta raka ni babban asibiti, ita ta tsaya a kaina har aka gama. Namiji ne, ya zo ba rai.

Bayan an sallame ni ta zo dubiya har gida. Ta tambaye ni duk abin da na ci da wanda na sha tun daga tafiyar, na gaya mata. Na ce, "Sista, ki gaya min gaskiya. Kifin ne?"

Ta ce, "Hajiya, ba zan rantse miki shi ne ba, ba zan kuma rantse ba shi ba ne. Zazzaɓi iri-iri ne, kuma ba mu da abin gwada wannan a nan. Abin da na sani, ɗanyen abu, kifi ne ko nama ko madarar da ba a tafasa ba, yana iya ɗauko ƙwayar cuta ko tsutsa. Namiji ya ci, ya yi gudawa, ya tashi ya tafi kasuwa. Mai ciki jikinta ba ya faɗa da cuta kamar da. Abin zai iya kwanciya makonni, sannan ya tashi ya ratsa wurin yaro. Wata za ta ci sau goma ba abin da zai same ta. Wata sau ɗaya. Ba a sanin wace ce wace sai bayan an ci. Shi ya sa muke cewa a dafa. Kifi ba laifi ba ne, dafaffe ma ina sa masu ciki su ci." Ta share ido da gefen gyalenta. "Da na san akwai inda ake ci ɗanye, da na gaya miki."

Maganar ta fita, ban san ta bakin wa ba. Kafin mako ya zagayo dangin Alhaji sun gama yanke hukunci. Inna, mahaifiyarsa, ta zo ta zauna a bakin gadona ta ce, "Allah Ya ba da haƙuri, Rakiya. Amma ke ma da kwaɗayi. Mace da juna biyu, ko mage ce ke?" Alhaji yana tsaye a ƙofar ɗaki. Na dube shi, na ba shi lokaci. Ya gyara hula ya ce bari ya je ya ga baƙi a zaure.

Ban tayar da maganar ba sai da na yi arba'in. Ranar ya dawo daga kasuwa da rana, na ajiye masa abinci, na zauna a gabansa, abin da ban saba ba.

Na ce, "Alhaji, matar Okabe ta zo wurina kafin mu taho. Na san abin da ta ce ran liyafa. Abu ɗaya nake son sani. Mijinta ne ya sauya maganar, ko kai?"

Ya ajiye cokali. "Rakiya, abin da Allah Ya ƙaddara ba mai hana shi."

"Na yarda. Ban tambaye ka ƙaddara ba."

Na shirya jin ɗayan biyu: ko ya ce Okabe ne ya yaudare mu, ko ya ce shi ne ya zaɓi ciniki a kaina. Kowanne na ji zan san inda zan ajiye shi. Sai ya ce, a hankali:

"Ban ji abin da ya faɗa ba."

"Ban gane ba."

"Turancin mutumin nan ba ya fita. In maganar farashi ce ko yadi ina kamawa, sauran kuwa rabi nake ji. Ran nan na ji ya ce kifi, na ji ya ce jariri. Shi ke nan abin da na ji."

"To me ya hana ka ce ya maimaita?"

"A gaban manyansu? Su ce dilan da suka ɗauko tun daga Kano ba ya jin Turanci?"

Mutumin nan ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga min hannu ba, kuma na ga ya yi kuka ranar da aka binne yaron. Kalma ɗaya ce ta gagare shi, ta neman a sake faɗa. Ya gwammace ya ƙirƙiro min magana ya sa a bakin baiwar Allah da ta yi ƙoƙarin kare ni.

Na ce, "Za ka gaya wa Inna?"

Ya ce, "Wane amfani zai yi yanzu?"

Na tashi na kwashe kwanukan.

Har yau bai gaya mata ba, ni ma ban gaya mata ba, kuma har yau in an yi baƙi a zaure yakan ba da labarin Japan, sai dai ya daina kaiwa wurin liyafar. Muna zaune lafiya yadda mutane ke gani. Ina dafa masa, ina yi masa sannu da zuwa. Amma duk abin da ya ce min wani ya ce, ko da cewa aka yi ana gaishe ni, sai na aika an tambayo.